Ƙyauren Gidan Inusa

A bakin kududdufin unguwa Cindo ya fara ganinta, ranar gayya, ɗauke da kwandon ƙasa a kai.

Shekarar da Nasara zai miƙa mulki ce, Gidan Rumji ta ɗauki ɗumi, kowace unguwa tana son ranar ɗaga tuta ta same ta fes. Ciwon unguwarsu Cindo kuwa kududdufin nan ne. Duk damina sai ya cika ya batse, ya shiga gidaje, ya ci katanga, ya bar wa mutane sauro. Mai unguwa Haruna ya tara dattawa da samari, aka yanke shawarar a haƙa lambatu a ja ruwan zuwa fadama. Aka kuma kafa doka: kowane gida ya kawo mutum, gidan da bai kawo ba samari su cire masa ƙyaure, sai ya ba da goron tara a mayar. Cindo ne sarkin samari, shi ke tsare dokar, kuma yana ji da sarautar nan kamar da ita aka haife shi.

Abin da aka san 'yan mata da shi ranar gayya shi ne kawo ruwa da fura, sai tafi in makaɗi ya zuga wani. Wannan kuwa ɗamara ta ci ta shiga layin masu kwasar ƙasa. Doguwa ce, ba ta kallon kowa. Cindo ya dogara da galmarsa, ya manta da kirarin da ake yi masa.

"Ke kuwa wa ya sa ki wannan aiki?"

"Wanda ya sa ka naka," ta ce, ta wuce abinta.

Ƙanwarsa Habi ce ta raɗa masa cewa sunanta Tala, baƙi ne, bara suka taso daga Cadakori. Bai tambayi gidansu ba, wai kada a ce sarki ya zaƙe. Da ya tambaya da ya huta.

Da la'asar aka tashi, sai Dikko, mataimakinsa, ya ce gida ɗaya ne bai kawo namiji ba, gidan wani Inusa a ƙarshen unguwa. Dikko ya san gidan sarai, don ya taɓa zuwa zance an sallame shi ba ko ruwan sha, amma ya ja bakinsa ya yi shiru. Makaɗi ya ɗau ganga, samari suka bi, yara suka rufa musu baya. A zauren suka tarar da dattijo zaune a kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe. Cindo da hannunsa ya kwance ƙyauren, ya ɗaga shi sama, aka yi shewa.

Sai ga Tala ta fito daga cikin gida, laka ba ta ko bushe a hannunta ba.

Ta dubi ƙyauren, ta dubi Cindo. "Sarki, ƙasar da na kwasa tun safe, ta gidan wa ce?"

Ganga ta mutu a hannun makaɗi. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da Cindo ya shige ya ce a rufe. Ya tsaya da ƙyaure a hannu, ya rasa gaba ya rasa baya, samari suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

A gida Habi ta ƙarasa shi. Ta ce ɗa namiji ɗaya Malam Inusa ya haifa, Jaye, kuma sanƙarau ya ɗauke shi kafin su taso. Shi tsohon ƙafarsa ba ta kai shi ko masallaci sai da sanda. Tala ce ta rantse ba za a kira sunan gidansu cikin waɗanda suka ƙi unguwa ba. Kowa ya ga aikinta, amma da aka zo ƙirga galma aka ƙirga, ba wanda ya tuna kwando. Cindo ya ture tuwon da ke gabansa, bai ci ba.

Washegari ya ɗauki ƙyauren a ka, ba ganga ba rakiya, ya ratsa unguwa mata suna leƙensa ta kan darni. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ba da haƙuri. Malam Inusa ya ce ya jingine shi a bango. Ya ce kakanninsa a daji suka yi kiwo ba ƙofa ba katanga, kuma ba wanda ya taɓa wulaƙanta su, sai da ya shigo gari ya yi ƙofa. Zana ya sa aka rataya a bakin zauren. Da iyayen Cindo suka tura a ji ko akwai hanyar neman auren Tala, amsa ɗaya ya bayar: wanda ya cire ƙofarsa ba zai shiga ta cikinta ba.

Uwar Cindo ma ba ta so ba. Ta ce su da asalinsu a Tsibiri, mi za su yi da ɗiyar makiyayi mai aikin maza? Dikko kuwa ya sami fili, kullum yana kai wa tsohon goro, yana faɗin shi dama ya hana a je, sarki ne ya ƙi ji.

Cindo ya daina bin layin gidan, ya gwammace ya zaga ta bayan kasuwar dabbobi. Sai Habi ce ke kai da kawowa. Ya aika ta: "Ki ce wa Mai Kwando ban da idon ganinta, amma zuciyata tana jingine tare da ƙyauren nan."

Amsa ta dawo: "Ki ce wa Sarkin Ƙyaure ya ɗauke zuciyarsa kada gara ta ci. Ni ban riƙe shi ba. Baba ne aka kunyata gaban jama'a, shi kuma haƙuri a ɓoye ya zo ya ba shi."

Maganar nan ta zauna masa, don gaskiya ce.

Ranar taron unguwa, a ƙofar gidan mai unguwa, ana batun inda za a samo tuta da wanda zai yi wa bango farar ƙasa, sai ga Cindo tafe da wani ƙyaure a ka. Na ɗakinsa ne. Ya ajiye shi gaban dattawa, kansa a sunkuye. Ya ce doka ta ce a cire ƙofar wanda ya ci amanar unguwa, kuma shi bai ga wanda ya ci amanarta kamarsa ba, tunda ya hukunta gidan da ya yi aiki. Ya roƙi a riƙe ƙyauren sai ranar da na Malam Inusa ya koma wurinsa. Ya kuma roƙi daga yau a riƙa ƙirga kwando yadda ake ƙirga galma.

Wasu suka yi dariya, wani tsoho ya ce lallai mulkin kai ya zo, tunda mata za su shiga lissafi. Mai unguwa bai yi dariya ba. Ya juya ya tambayi Dikko ko bai san gidan ba tun farko. Dikko ya hau sosa ƙeya, kowa ya gane. Aka amince da maganar kwando, aka shigar da ƙyauren Cindo zauren mai unguwa.

To, damina fa ba ta san soyayya ba. Feshin ruwa ya jiƙa masa tabarma, awakin gidan suka mai da ɗakinsa wurin fakewa, kaza har ƙwai ta saka a hularsa. Yara in sun gan shi sai su ce ga ango mara ƙofa. Uwarsa ta yi faɗa har ta gaji, daga baya ta ce yarinyar da ta sa ɗanta ya sauke girman kai, ita ma tana son ta gan ta.

Saƙon Tala ya zo: "An ce akuya ta zama abokiyar hirarka. Ka gaishe ta, ka ce mata aro na ba ta." Cindo ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba.

Aka ci gaba da haƙa, yanzu da mata a layi, Tala a gaba. In sun yi kiciɓis sai ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ce a hankali, "Ɗago mana, Sarki, ƙasa ba ta yi maka laifi ba." Ana gobe za a ɗaga tuta aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito suna kallo, ruwan ya bi lambatu ya miƙe fadama, ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba.

Da hantsi, gari ya tafi filin taro, ana jin ganguna daga nesa, Malam Inusa ya aika a kira sarkin samari. Cindo ya zo ya durƙusa a waje. Tsohon ya ce ya ji labarin awaki. Ya ce ya rasa ɗa, kuma bai zaci zai sake ganin yaron da zai kwana cikin ruwa saboda mutuncinsa ba. Sai ya nuna ƙyauren da sandarsa.

"Hannun da ya cire shi ne zai mayar."

Cindo ya ɗauka, ya tsaya daga waje yana ta kici-kici, ƙyaure ya ƙi zama, don kunya ta hana shi taka dokin ƙofar.

"Kai ɗan nan, ina ka taɓa ganin an ɗaura ƙyaure daga waje? Shigo ciki."

"Baba, kai ka ce..."

"Na san abin da na ce. Shigo."

Ya shiga da ƙafar dama, hawaye na zuba. Daga cikin gida aka miƙo igiya, hannun da ya miƙo ta kuwa ya san shi.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Mai unguwa da kansa ya sa samari suka mayar wa Cindo ƙyaurensa, da ganga da shewa, mata masu kwando suna guɗa a gaba. Malam Inusa ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zuri'a, maza da mata, kowa a ƙirga shi. Da aka kawo amarya, ta ɗaga mayafi kaɗan, ta dubi ƙofar ɗakin.

"Ka ɗaure ta da kyau, Sarkina?"

"Daga ciki na ɗaure, Mai Kwando."

Allah ya bar su tare, ya rufa wa unguwar asiri.