Baburin da Ba Ya Shan Mai

Maganin hawan jinin Inna ne ya fitar da Auta da yayansa da yamma. Ya ƙare mata tun safe, ita kuwa tana can gidan gona, ta ce ba ta dawowa gari sai an gama girbi. Mutum ɗaya ya isa ya kai, amma Yaya ya ce su tafi tare, wai ya kwana biyu bai gaishe ta ba. Auta ya san zancen banza ne. Sabon baburinsa yake so ya nuna.

Dukansu baburan shiga daji gare su, irin dogayen nan masu tayoyi da haƙora. Na Auta ƙarami ne, inji ɗari da hamsin. Da shi yake yawon haɗa famfunan sola a gonakin mutane, kuma bai taɓa kwanar da shi a hanya ba. Na Yaya ɗari biyu da hamsin ne, da gilashin tare iska da akwatuna biyu a gefe, alhali Yaya daga shagon maganinsa sai gida.

A gidan mai abin ya ɓaci. Yaya ya tuɓe hular kwano, ya nuna baburin ƙaninsa da baki.

"Malam, in ka gama da nawa ka ɗiga wa keken ɗinkin nan cokali biyu."

Mai zuba man ya ƙyalƙyale da dariya. Direbobin da ke layi suka taya shi.

"Keken ɗinkin nan ya shiga inda naka ba zai leƙa ba," in ji Auta. "Naka in ya kwanta a yashi sai an yi gayya kafin a tashe shi. Ga shan mai kamar rami."

"Ji mai abin kunya da baki! Hawa tudu sai ka sauka ka tura. Kawo maganin nan, Auta, kada tsohuwa ta kwana tana jiranka."

Wannan ce ta soke shi. Mutum da matarsa da 'ya'yansa biyu, a ce a gaban jama'a ba za a iya aikensa wurin uwarsa ba. Ya ƙara ɗaure jakar a bayansa.

"Ni zan kai."

"To, mu haɗu gobe da hantsi."

Yaya ya murɗa totur, ya bi ta cikin kwatamin ruwan wanki da gangan. Baƙin ruwa ya wanke wa Auta wando har gwiwa. Dariya ta sake tashi. Auta ya ji kunnuwansa sun yi zafi, ya ɗaga murya ya bi bayan yayansa da ita.

"Wallahi yau ko aljani ne ya ara mini babur, sai na riga ka!"

Mai zuba man ya daina dariya. "Kai, maigida, rana na faɗuwa kake irin wannan magana?"

Auta bai ko dube shi ba.

A kwalta ba shi da sa'a, ya sani. Amma akwai tsohuwar hanyar da ta ratsa wurin fasa dutsen da aka daina aiki a cikinsa, tana yanke rabin tafiyar. Ya karkata ya shige ta. Tsakuwa na dukan ƙasan injin. Shi kuwa sai masifa yake yi cikin hular kwano, yana tuno tun suna yara: takalmin Yaya da aka ba shi bayan ya tsufa, keken Yaya, littattafan Yaya. Komai sai Yaya ya gaji da shi. Wannan baburin ne abu na farko da ya saya sabo da guminsa, shi ma ba a bar shi ya ji daɗinsa ba.

Hanyar ta gangara tsakanin bangayen dutse biyu. Haske ya ragu lokaci ɗaya. Iska ta yi sanyi, tana warin jiƙaƙƙen toka. Kwaɗin da ke kuka a kududdufin ƙasa suka yi tsit.

Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

"Kai ma?" Auta ya daki tankin da tafin hannu. "Yau kai ma za ka kunyata ni?"

Ya danna sitata. Ko ƙyas. Yana cikin zagi ya ji wani injin a bayansa, yana gurnani ƙasa-ƙasa, a natse, irin sautin da bai taɓa ji daga salansa ba. Bai ji zuwansa ba. Kawai ya waiga ya gan shi tsaye.

Baƙin babur ne, dogo, babu suna a tanki, babu lamba. Tsakuwa da laka duk hanyar nan, amma tayoyinsa fes kamar yanzu aka sauke shi daga kwali. Mahayin sanye yake da baƙaƙen kaya, gilashin hularsa a rufe.

"Ya mutu?" Muryar a hankali ta fito, kamar mai raɗa a ɗakin mara lafiya.

"Kana gani kana tambaya!"

"Ɗari da hamsin ne. Ƙarami."

"To, sai me? Kai ma wa'azin za ka yi mini? Naka nawa ne?"

"Ya fi na yayanka."

Da hankalin Auta na jikinsa, da nan ya tsaya. Amma fushi ya rufe masa ido. Ya kafe baburinsa ya matso, yana duban injin, yana neman aibin da zai faɗa. Bai samu ba. Ya kai hannu kusa da salansa. Babu zafi.

"Lita ɗaya tana kai shi ina?"

"Ba ya shan mai."

"To me yake sha?"

Mahayin ya sauka. Ya koma gefe, ya bar baburin tsaye ba tare da ya kafe shi ba. Bai faɗi ba.

"Kai ka nemi aro," ya raɗa. "Ga shi."

Warin tokar ya ƙaru.

"Yayanka yana gab da kwanar gada. Za ka cim masa. Ba sai ka wuce shi ba ma. Ka ɗan goge shi kaɗan."

Auta ya ga abin a ransa sarai: akwatunan nan biyu suna tarwatsewa, gilashin yana fashewa, Yaya yana birgima a kwalta, bakin nan nasa a rufe. Kuma abin ya yi masa daɗi. Injin ya ƙara gurnani, kamar kare ya ji ƙanshin nama.

Ya ɗora hannun dama a kan totur.

Ɗumi gare shi. Laushi gare shi. Yana bugawa kamar jijiyar wuya.

Ya dubi madubin. Fuskarsa ba ta ciki. Bayan Yaya ne a ciki, kusa ƙwarai, har yana ganin inda rigarsa ta jiƙe da gumi. Sai ya ga Yaya ya rage gudu. Ya waiwaya. Ya sake waiwayawa. Ya tsaya a bakin hanya, ya tuɓe hula, yana duban inda ƙaninsa ya kamata ya ɓullo.

Ganin yayansa yana jiransa, sai jikin Auta ya yi sanyi. Ya ja hannunsa.

Hannun bai taso ba.

Robar ta naɗe masa yatsu, tana tsotsa. Sanyi ya hau masa har gwiwar hannu.

"Hau," in ji muryar. Yanzu a bayan kunnensa take, cikin hular kwanonsa.

"A'uzu billahi..." Harshensa ya yi nauyi. Ya taka tayar da ƙafa, ya fizga da dukan ƙarfinsa. Wani abu ya yage. Safar hannunsa ta tsaya a can, da fatar tafinsa a ciki.

Ya faɗa kan baburinsa. Ya buɗe kik ya taka.

Shiru.

Takun ƙafa a kan tsakuwa. Ba sauri ake yi ba.

Ya sake takawa. Ya sake. Gilashin hular mahayin ya fara ɗagawa da kansa.

Auta ya runtse ido ya taka da bismillah. Injin ya kama.

Bai san yadda ya riƙe totur da ɗanyen nama ba. Ya dai san yana gudu, dutse na wucewa ta dama da hagu, addu'a na fita a guntule. Gurnanin na biye da shi. Ba ya matsowa, ba ya nisa. Numfashi mai sanyi na sauka a ƙeyarsa.

"Har yanzu kana jin haushinsa. Ina ji."

"Ba na ji!"

"Kana ji."

Ya hango kwalta. Ya hango fitila guda ɗaya tana tahowa. Ya haura bakin hanyar a guje, tayar gaba ta zame, ya tafi da ƙirji cikin ciyawa.

Hannu ya damƙi wuyan rigarsa. Ya kurma ihu.

"Don ubanka wa ya ce ka bi ta nan?" Yaya ne, yana girgiza shi. "Mahaukaci! Na juyo da baya ina ta nemanka! In ka mutu me zan gaya wa Inna?" Sai ya ga hannun. Ya bar zagin. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe shi, yana ta dube-dube wajen bakin tsohuwar hanyar.

"Wa ke can? Na ji inji."

"Mu tafi, Yaya," in ji Auta. "Don Allah mu tafi."

Hannun ya warke, amma tafin bai sake yin ɗumi ba, ko a tsakiyar zafin rana. Auta ya ci gaba da aikinsa da ƙaramin baburinsa, sai dai duk inda yake, kafin rana ta yi ja ya kama hanyar gida. Abin da mutane suka fi lura da shi kuwa haƙurinsa ne. Manomi zai zage shi a kan famfo, ya yi murmushi. A tare masa hanya, ya ba da haƙuri. Har Inna tana cewa autanta ya girma.

Sau ɗaya ya kuskure. Wata yamma 'yarsa ta ja wayar gwajin batir ta faɗo da shi ya fashe. Ya miƙe ya daka mata tsawa, har ya ɗaga hannu.

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta karkata kai tana saurare.

"Maigida, baƙo gare ka ne? Ga wani can ya tsaya da babur a ƙofar gida, ya ƙi kashewa."

Auta ya sauke hannunsa a hankali. Ya durƙusa ya rungume yarinyar, ya riƙe ta gam, yana lallashinta da raɗa, har sai da ƙofar gidan ta yi shiru.