Ranar da Shida Ya Bar Wurinsa

Warin ne ya riga shi shiga shagon. Tela tana kan keke tana ɗinkin bakin siket, sai ta ji wani abu ya doki hancinta. Ta ɗaga kai, ga wani dogon saurayi a bakin ƙofa, riƙe da leda da yatsu biyu.

"Sannu da aiki. Lambar rigata ce ta ɓalle, ko za ki mayar mini?"

Ta zazzage ledar a tebur, nan take ta toshe hanci da mayafi. Jesin ƙungiyar ƙwallon garin ce, lamba shida tana reto da zare ɗaya, ga tabon ruɓaɓɓen ƙwai shirim a baya.

"Tir. Ai sai ka wanke kafin ka kawo wa mutane."

"Sau biyu na wanke," ya ce a hankali. "Wanda ya jefe ni ne ya iya zaɓen ƙwai."

Dariya ta kuɓuce mata, sai kuma kunya ta kama ta, don ta san mai jifar. Ranar Asabar da safe Mama ta ce a zubar da ƙwan nan, Baba ya ce a bar masa, yana da aiki da su a fili. Dattijo da furfurarsa, wai shugaban magoya baya. Ta gama ɗinkin, ta ƙi karɓar ko sisi. Shi kuwa ya nemi lambar wayarta, wai ko lambar za ta sake ɓallewa.

Shagon askin Baba yana manne da nata, katako ne kawai a tsakani, don haka ko tana so ko ba ta so, ta san ƙwallo. Ƙungiyar kuwa ta lalace, Allah wadan naka ya lalace. Wasa goma, an lallasa su a bakwai, kaɗan ya rage su faɗa ƙaramin rukuni. Kullum da hantsi sai a cika shagon, mai aski da wanda ba ya da gashin aski, ana ta ɗaga jijiyar wuya a kan 'yan wasan tsakiya.

"Mai lamba shidan nan ne masifarmu," in ji Baba. "Daga fasin baya sai fasin gefe, kamar ƙaguwa. A cire shi a ba Goma fili."

"A'a, Shugaba," in ji wani malamin makaranta. "Takwas ne ba ya dawowa baya, Goma kuma ba ya tare kowa. Yaron nan aikin mutum uku yake yi."

Aka yi masa ca har ya ɗauki hularsa ya fita. Tela ta yi tsaki a kan kekenta. Ita ta san aikin da ba a gani. Ba wanda ke yabon ɗinkin cikin riga sai ranar da ya farke.

Goman da ake ta zuzutawa shi ma yana zuwa wajenta. Sai ya sha turare kamar ya yi ɓari, ya tsaya yana kallon kansa a madubin shagon yana ba ta labarin yankan da ya yi wa 'yan baya. Ranar da ta tsinci cingam ɗinsa manne a ƙasan teburin yanka, ya ɓata mata yadin mutane, ta ji ko sunansa ba ta son ji. Baba kuwa kyauta yake masa aski.

Shida ba ya da wannan bakin. Saƙo ne nasa, gajere.

"Kyaftin ɗina, kin ci abinci? Yau sau tara na ƙwace ƙwallo, ba wanda ya ƙirga."

Ta amsa: "Sha ɗaya ne, Shidana. Ni na ƙirga. Ka sa ƙanƙara a gwiwar nan."

Da tafiya ta yi tafiya, ya turo kawunsa wajen Baba. Tela tana jin komai ta katako. Baba ko almakashi bai ajiye ba.

"Shekara biyu bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Namijin da ba ya iya zuwa gaba shi zai riƙe mini 'ya? Ya ci ɗaya in gani, sannan a yi magana."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta rubuta masa: "Kada ka biye wa Baba. Ka tsaya inda koci ya ajiye ka. Za mu bi ta wajen Mama."

Amsarsa ba ta yi mata daɗi ba: "Ɗaya kawai ya nema, masoyiyata. Zan kawo masa."

Ranar Asabar, wasa na biyun ƙarshe, ta zauna a bayan Baba. Tun minti na goma ta ga Shida ya tsallake layin tsakiya ya ƙi dawowa. Koci yana ta ihu yana nuna masa baya, ko a jikinsa. Aka bugo kwana, ya tashi ya sa kai, sai ga ƙwallo a raga. Fili ya kaure. Baba ya yi tsalle har takalminsa ya fice.

Murnar ba ta yi minti biyar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ranar bangon ya tsage ƙwarai. Baƙin nan suka riƙa bi ta tsakiya kamar titin gidansu. Takwas yana can gaba, Goma yana gyara safa. Suka zura ƙwallo ɗaya, biyu, uku, huɗu. Gola ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Tela ta miƙe ta fita tun ba a tashi ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Na cika sharaɗin Baba."

Ta rubuta: "Ka cika na Baba, ka zubar da mutum goma a fili. Ni wanda ba ya barin wurinsa na so. Wanda na gani yau ban san shi ba, kuma ya ba ni ƙyama."

Ta kashe wayar, ta kwana uku ba ta kunna ba. Tana son sa, shi ya sa abin ya fi ci mata rai.

Shagon aski ma ya yi tsit kwanakin nan. Ranar Laraba ta leƙa ta ga Baba shi kaɗai, ya jera kwalaben man gashi a tebur kamar 'yan wasa. Ya ɗauke wadda ke tsakiya, ya zuba wa ramin ido. Ya mayar, ya sake ɗaukewa. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kira mini yaron nan."

Shida ya zo ya durƙusa. Baba ya share reza ya ajiye, ya dube shi.

"Shekara biyu ina zaginka. Har ƙwai na jefe ka da shi, ni ne, in ba ka sani ba."

"Na sani, Baba."

"To. Ƙwallon da ka ci ba na so, riƙe abinka. Ashe kai ke rufa mana asiri. Ranar Asabar ka koma wurinka, kada in ga ƙafarka ta wuce layin nan. In 'yar tawa ta huce, na ba ka."

Tela tana tsaye a bakin ƙofa. Shida ya kalle ta, ya ce, "Na yi kuskure, Kyaftin. Tsoron rasa ki ne."

"Saura kaɗan ka rasa ni ta can," ta ce. "Kawo rigar, lambar ta fara ɗagewa."

Wasan ƙarshe, gaskiya, ba a taɓa ganin mummunan wasa irinsa ba. Fasin baya, fasin gefe, minti casa'in ba ko bugu ɗaya mai kyau. Aka tashi babu ci, kuma wannan maki ɗayan ne ya hana su faɗawa. Duk lokacin da Shida ya mayar da ƙwallo baya, Baba sai ya tafa, ya harari duk wanda ya yi tsaki.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Washegari Baba ya zo ganin ɗaki ɗauke da kiret ɗin ƙwai a kafaɗa, ya miƙa wa surukinsa.

"Waɗannan lafiyayyu ne, na duba."

Shida ya karɓa da hannu biyu. "Na gode, Baba. Yau dai a hannu aka ba ni."

Tela ta yi dariya har da hawaye. Baba ya dafa kansu su biyun, ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kowa ya tsaya a wurinsa."