Kyamarar Da Ke Jiran Murmushi

Yini guda Gwani ya yi yana ɗaukar hoton fasfo, har bayansa ya ƙage. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma duk layin shagunan babu wanda bai taɓa razanawa ba. Tela ya sha tsintar macijin roba a ƙarƙashin kekensa. Amma ranar ko dariya ba shi da ƙarfin yi.

Yana jan ƙofa sai yayansa, mai shagon, ya miƙo masa wata 'yar kyamara da ba ta wuce tafin hannu ba.

"Wani ya kawo ta sayarwa. Gwada min ita inda babu haske, gobe ka faɗa min ko tana da kyau."

"Yaya, wallahi na gaji."

"Bakinka dai bai gaji ba. Ba kai ka ce ko cikin rijiya za ka ɗau hoto ya fita ba?"

Bayan shagunan akwai wani bene da aka fara ginawa aka bari, tulin yashi jibge a gindinsa. Baba maigadi na bakin ƙofa da rediyonsa.

"Ina zuwa da magaribar nan, ja'iri? Ba a hawa sama yanzu."

"Baba, aljanin da ya gan ni shi zai nemi hanya."

Ya hau yana jan ƙafa. Warin siminti mai damshi da kashin jemage. Ɗakin sama ƙofa ɗaya, taga ɗaya, babu ƙyaure.

Ta taga ya jawo wani tankin ruwa na nesa da kyamarar, har tsatsar jikinsa ta fito tar. Ya gyaɗa kai. Ya auna lungu mai duhu, hoton ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi, da ya kunna filasha ya gyaru. Ya kara ta kusa da wata ƙusa a bango, sai alamar ɗan fure ta fito a gilashin kyamarar, wato ta gane abu na dab da ita. Kala ba laifi, batir ne kawai ke saurin sauka.

Sai ya ci karo da wani saiti. In ta ga fuska takan zana mata akwati rawaya ta jira, da an yi murmushi ta ɗauka da kanta. Ya juyo ta kan fuskarsa. Ta zana akwatin, ta yi ta jira, ta ƙi ɗauka.

"Ke ma kin ga na gaji," ya ce, ya juya ta wajen ƙofa zai fita.

Ƙyas!

Haske ya wanke ɗakin. Yatsansa ko kusa da maɓalli bai je ba.

Ya dubi gilashin. Ga akwati rawaya a bakin ƙofa, can sama, inda kan mutum ba ya kaiwa. Cikinsa babu komai.

"Baba," ya ce ƙasa-ƙasa, "in ramuwa ce ka ci. Fito."

Daga can ƙasa ya jiyo tarin Baba, da rediyo ana sauya tasha.

Ƙyas!

Akwatin ya ƙara girma. Abin ya baro ƙofar.

Wani wari ya taso, kamar an zuba ruwa a toka mai zafi. Gwani ya ja baya. Hanyar fita ɗaya ce, abin kuma yana tsakaninsa da ita.

Ya danna wurin kashewa. Yatsan ya zame da gumi.

Ƙyas!

Akwatin ya cika gilashin.

Bayansa ya daki bakin taga. Ya fara lalubo addu'a.

Sai alamar ɗan furen nan ta fito.

Iska mai ɗumi ta taɓa bayan hannunsa. Ta ɗauke. Ta sake taɓawa.

Bai yi shawara da kowa ba, ya bi ta taga.

Tulin yashin ne ya tare shi. Baba ya zo ya tsaya a kansa, ya dube shi, ya ɗaga kai ya dubi tagar. Ya kama shi suka fita.

Washegari Gwani ya zo shago da ɗingishi. Yaya ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana taɓe baki.

"Na farko sun fita. Amma dubi waɗannan na ƙofar, kowanne ya fi na baya dishi-dishi. Na ƙarshen ma bangon ya narke gaba ɗaya. Ba ta iya saita ido ba ke nan?"

Gwani ya san ta iya. Bango ba ya narkewa sai in idonta na kan abin da ya fi bangon kusa.

"Mayar masa da abarsa, Yaya."

"Yau babu cika baki?"

"Babu."

Tela ya daina duba ƙarƙashin kekensa. Gwani na nan yana ɗaukar fasfo, sai dai in mutum ya zauna ya fara washe baki, yakan sauke kyamara ya ce, "Don Allah ɗaure fuska." Sannan ya leƙa bayan kafaɗar mutumin kafin ya danna.