Wuƙar Takabar Taibatu

Rana ta take tsaka a Talata Mafara, Taibatu na duƙe tana jan shinkafar da aka shanya a farfajiyar injin casa, siminti na gasa mata tafin ƙafa. Ko sadakar arba'in ɗin mijinta ba a yi ba tukuna; 'yan bindiga ne suka harbe shi a gonarsa ta hanyar Maradun, suka bar ta da yara uku da babu. Mai takaba a ɗaki aka san ta, amma ɗaki ba ya ba da tuwo! Haka take fitowa kullum cikin tsohon zane, ba kwalli ba man shafawa, da 'yar wuƙar nan ta masu takaba soke a ƙugu. Mata su yi ta zunɗenta, wai ko kuka ba ta yi wa mijin ba. Ita kuwa ina ta ga lokacin kuka?

Wanda ya fi gasa mata aya a hannu shi ne Muttaka, ƙanin marigayin, shugaban ma'aikatan wurin. Aikin mutum biyu yake jibga mata, ta daure ta yi. Ƙaramar 'yarta ta kwanta zazzaɓi, ya hana ta tashi da wuri, ta haɗiye. Sai kuma aka fara samun buhuna a tsage, shinkafa na tsiyaya a ƙasa...

Ranar da mai injin, Alhaji Surajo, ya iso daga Bakura ransa a ɓace, Muttaka ya nuna ta a gaban kowa.

"Alhaji, wa ka yawo da wuƙa nan in ba ita ba?"

"Muttaka, mi niy yi maka?" in ji Taibatu. "Ka ji tsoron Allah, ka dubi ɗiyan ɗan'uwanka! In an kore ni mi za su ci?"

"Hiddo wuƙar mu gani," in ji Alhaji.

Ta dafe ƙugunta, ta roƙe shi ya rufa mata asiri. Wayyo, roƙon nan ya sa kowa ya ce ita ce! Da ta ga ba makawa, ta miƙa masa. Alhaji ya zare, sai ga ƙota kawai a hannunsa, kube fayau, babu kaifi ko na yankan zare.

"Wuƙar gidanmu ɗaya ta," ta faɗa kanta a ƙasa, "na bar ma yara su yanka kuɓewa. Wagga na soke ta don kar a ce ban yi mai takaba ba."

Alhaji ya juya a hankali. "To wa ka kwashe tsiyayar buhu in an share?" Kowa ya san amsar, a wurin nan duk shinkafar da ta zube aka share rabon shugaban ma'aikata ce. Aka buɗe ɗakin ajiyar Muttaka, ga shinkafa nan jibge, fes da ita. Ya zube yana rantse-rantse, aka kira 'yan sanda suka tasa ƙeyarsa.

"Tahi gida, ɗiyata," Alhaji ya ce, idonsa ya kaɗa. "Ki ida takabarki cikin ɗaki. Abincinku na bisa wuyana, aikinki kuma na jiranki."

Taibatu ta isa gida, ta shimfiɗa tabarma a inda mijinta ya saba zama. Ta kira sunansa sau ɗaya, sannan ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa.