Daimon Mai Tabo

Ni na fara gani, tun su kansu ba su sani ba. A tashar Bakori jikata Najiba ta sauko daga bas, Zainulabidin ɗan Maska ya karɓar mata jaka, ya manta bai mayar ba. Na ce a raina, an gama.

Yaron a jami'a yake, aikinsa daimon. Wai sai su sami dutsen garau, su cusa masa sinadarin nan na takin yuriya da gangan, su yi masa tabon da ido ba ya gani. Ta tabon nan dutsen ke jin maganaɗisu komai ƙanƙantarsa.

Uban Najiba, ɗana Bature, mai sayar da masara ne, ƙwaya ɗaya ta ɓaci sai ya tsince ta. Da maganar aure ta taso ya ce, "Baba, wanda ke ɓata daimon da hannunsa zan ba 'yata? Ga Sanda mai shagon taki yana so."

Najiba ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga, ta fita, waya a hannu. Na ce, "Amaryata, karanto min abin da kishiyata ya rubuto."

"Kishiya kuma, Kaka? Ya ce: Hasken idona, ki ci abinci don Allah. Ba ɓata daimon nake ba, kunne nake yi masa."

Na aika yaron ya zo da akwatin na'urarsa zauren Bature. Na yaye wando. Shekarun baya ɓarayin shanu sun harbe ni da bindigar gargajiya, na tako gida da ƙafata, guntun ƙarfe ya zauna a cinyata. Bature kullum cewa yake ƙari nake yi.

Yaron ya kunna koren haske, ƙwayar dutsen ta yi ja. Ya bi cinyar da dutsen a hankali. Ba alamar komai. Najiba ta kama labule. Can sama da gwiwa layin kwamfutarsa ya zabura, dutsen ya ji ƙarfen.

Bature ya danna wurin, ya ji tauri. Ya ɗago ya ce wa yaron, "Turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure, ni na sa albarka, Allah ya ba su zuri'a mai jin magana. Mai musu ya same ni a Bakori da yatsansa, cinyar tana nan.