Fadamar Inna Lidiya

"Hafiza! Aje kunun nan, ki kira mani malamin nan naki."

Hafiza ta sunkuyar da kai don kunya, ta ɗauki waya ta fita tsakar gida. Wata uku ke nan mahaifinta Malam Labaran yana kwance a gidansa na Tafoki, ƙafafu sun kumbura, abinci ba ya zama. Malamin da yake nufi kuwa shi ne Salahuddeen, ɗan Mabai mai koyarwa a firamaren garin, wanda aka sa ranar aurensu da Hafiza bayan girbi.

Kafin azahar sai ga shi da biro da takarda. Malam Gide, abokin tsohon tun na ƙuruciya, yana zaune a gefen tabarma.

"Rubuta, ɗana," in ji Malam Labaran yana numfashi da ƙyar. "Gida da shanu da gonakin tudu, Allah ya riga ya raba, liman ya san aikinshi. Amma fadamar bakin rafi ba ta kai sulusin dukiyata ba. Na bar ma Lidiya ita."

Lidiya matar ƙanensa ce, marigayi Ɗanlahadi. Uban Labaran da Ɗanlahadi Bamaguje ne. Da suka girma Labaran ya musulunta, Ɗanlahadi ya shiga coci, amma katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Ranar da uwar Hafiza ta rasu wurin haihuwarta, Lidiya ce ta ɗauki jinjirar ta haɗa da ɗiyarta Grace ta shayar da su tare, ta kuma riƙe Jabiru, yayan Hafiza, yana ɗan shekara bakwai. Jinyar Ɗanlahadi ta cinye gonarsu, tun daga nan fadamar nan take nomawa aro.

"Ƙara rubutawa. Kada maƙwabci ya kwana da yunwa alhali rumbunmu na da hatsi. Kada a yanke zumunci don wani ya nufi masallaci wani ya nufi coci..."

Haka ya yi ta faɗa, sai da takarda ta cika gaba da baya, ya dangwala yatsa. Kwana tara bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in Salahuddeen ya miƙa wa Jabiru takardar. Jabiru dillalin hatsi ne a kasuwar Kankara, kuma ya riga ya samo mai sayen fadamar don ya yi mota. Layi uku ya karanta, ya shige cikin gida ya jefa ta murhu!

"Yaya! Wasiyyar Baba ce fa!" Hafiza ta sa hannu cikin wuta, toka kawai ta damƙo.

Jabiru ya koma zaure ya tsaya a kan Salahuddeen. "Ka yi fotokofi?"

"Ban yi ba, Yaya."

"Madalla. To ka saurara, yanzu ni ne waliyyin Hafiza. Ranar rabo in liman ya tambaye ka, ka ce tsoho ba ya cikin hayyacinshi. In ka faɗi wani abu daban — ka nemi mata a Mabai."

Da la'asar Hafiza ta sami Salahuddeen a ƙofar gida, idanunta sun yi jawur.

"Malam, don Allah ka yi shiru. Ba ƙarya na ce ka yi ba, shiru kawai! In an ba ni kasona ni zan kula da Inna."

"Hafiza, hannuna ya rubuta, kunnena ya ji. Baba ya zaɓe ni ne don yana ganin ba ni cin amana. In na ci tashi yana kabari, ke da mi za ki yarda da ni?"

"Wato fadama ta fi ni?"

"Wallahi ba abin da ya fi ki a wurina. Amma ban iya sayen aurenki da haƙƙin matar da ta shayar da ke."

Ta juya da gudu tana kuka. Kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa ba. A rana ta uku ta leƙa ta katanga, ta ga Inna Lidiya duƙe tana gyaran irin albasa, tana shirin fadamar da ba ta san ana cinikinta ba. Hafiza ta daɗe tana kallon bayan da ya goya ta. Sai ta tura masa saƙo: "Ka faɗi gaskiya. Zan jira."

Ranar rabo zaure ya cika. Liman ya fara da Malam Gide. Tsohon ya dubi Jabiru, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ni kunnena ya yi nauyi, Allah gafarta Malam. Ban ji sosai ba."

Salahuddeen ya miƙe, ya faɗi komai har da ƙona takardar. Liman ya girgiza kai ya ce ba takarda, shaida kuma ɗaya, abin da ya fi sauƙi shi ne magada su amince da kansu.

"Na amince!" Hafiza ta ɗaga murya daga bayan ƙyaure.

"Ni ban amince ba!" in ji Jabiru. "A tafi kotu in ana so!"

Sai ga Inna Lidiya ta shigo tana dafa bango. Ta durƙusa gaban liman.

"Malam, a bar maganar. Ƙasar da za ta raba ɗiyan da na goya, ban son ta. Labaran ya yi niyya, Allah ya ba shi ladar."

A makon nan ta ɗaure kayanta ta koma Sabuwa wurin Grace. Jabiru ya mayar da kayan sa-rana. Ba a daɗe ba aka yi wa Salahuddeen taransifa zuwa garinsu.

Damina biyu suka wuce. Mai sayen fadama ya janye, don ba wanda ke son sayen rigima. Ciyawa ta rufe ta. Manema suka yi ta zuwa, Hafiza tana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ta rame, ta yi duhu, amma kullum ita ke kai wa Jabiru ruwan alwala, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. A Mabai ma iyayen Salahuddeen sun gaji da nuna masa 'yan mata.

Wata Litinin Grace ta bugo waya: Inna ba lafiya, tana kiran su biyun. Hafiza ta hau mota nan take. Jabiru ya ce sai kasuwa ta tashi.

Kwana uku Inna Lidiya tana kallon ƙofa. Duk mashin ɗin da ya tsaya sai ta ce, "Jabiru ne?" Ranar Alhamis da hantsi ta cika, kanta a cinyar Hafiza.

Jabiru ya iso ana dawowa daga maƙabarta, da ledar lemu a hannu. Grace ta tare shi a tsakar gida, ba faɗa ba zagi.

"Yaya, ta bar maka saƙo. Ta ce da ƙyanda ta kama ka, kwana goma sha ɗaya ka yi a bayanta, kuma wanda aka goya ba a riƙe shi a zuci. Ta yafe. Abu ɗaya ta roƙa — ka aurar da ƙanwarka ga wanda take so."

Ledar ta suɓuce, lemu ya watse. Jabiru ya zube ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Inna! Inna, na zo!" Amma ina, mai amsawa ta tafi.

Washegari ya hau mashin sai Mabai. Ya sami Salahuddeen a gindin darbejiyar makaranta, ya durƙusa gabansa.

"Tashi, Yaya, don Allah!"

"Ban tashi. Ka gaya mani, mi Baba ya ce a sauran takardar? Ban karanta ba."

Salahuddeen ya faɗa masa duk abin da ya riƙe. Sannan ya ƙara da cewa, "Na ƙarshe a kanka ne. Ya ce Jabiru na da zafin zuciya amma ba mugu ba ne, a yi haƙuri da shi, zai dawo hanya."

Jabiru ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza.

A gaban liman da mai gari ya miƙa wa Grace fadamar, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Bayan wata biyu aka ɗaura auren Hafiza da Salahuddeen, ba kiɗa ba taro mai yawa. Grace ce ta wanke amarya ta raka ta ɗaki, suna tafe suna kuka, don uwar da ya kamata ta yi wannan aiki tana ƙasa.

Hafiza ta sami mijin da ta jira, Salahuddeen ya sami mata bai zubar da mutuncinsa ba. Jabiru kuwa an yafe masa, amma har yau in aka ambaci Sabuwa sai ya tashi daga wurin. Ya ku matasa, gado ba gona da shanu kaɗai ba ne. Halin kirki da zumuncin da iyaye suka bari su ne babban kaso. Dukiya in an ƙwace ana iya mayarwa, amma tsohuwar da ta mutu tana jiranka ba ta dawowa ka ba ta haƙuri.