Ramuka Shida a Ƙarƙashin Landurowa

Ranar kasuwar Gwaram da hantsi labari ya iso caji ofis cewa Landurowar Alhaji Ishiyaku ta kife a gangaren Maruta, ta danne direbanta Sabo, ya cika nan take. Lokacin jihar Jigawa ba ta rufa shekara ba, ko motar sintiri babu, don haka a kan babur Sufeto Abdulsalami ya je, ransa a ɓace.

Bai bi ta kan 'yan kallo ba, ƙarƙashin motar da ke kallon sama ya nufa. Ƙarfen gicciyen da ke ɗauke da akwatin giyar ƙafa huɗu ya karye gida biyu, akwatin ya zazzago, farfela, sandar da ke juya tayoyi, ta soki ƙasa ta wuntsila motar. An liƙa guntun sifirin, ƙarfen lilon mota, da walda a kan ƙarfen gicciyen, kuma daidai bakin waldar ya ɓalle kamar busasshen kara. Gefe da gefe ga ramukan noti shida, babu komai a ciki, bakinsu yana ƙyalli, ko tsatsa babu.

Alhaji Ishiyaku ya iso a ɗaya Landurowarsa, fara, wadda yake hawa da kansa. Tun bai gama fitowa ba yake ɗaga murya.

"Aikin Bernard ne, bakaniken nan na Birnin Kudu! Shi ya kashe mini yaro!"

"Na tambaye ka ne, Alhaji?" in ji Sufeto.

Amma magana zarar bunu ce. Kafin azahar dangin Sabo sun taso daga Sundimina da gorori da galan ɗin fetur, sun yi wa garejin Bernard ƙawanya. Da ƙyar Sufeto ya zare shi, ya goyo shi a babur zuwa Gwaram, ana bin su da jifa.

"Ka taɓa motar nan?" Sufeto ya tambaye shi a caji ofis.

"Ban taɓa ba, Yallaɓai," in ji Bernard.

"To tashi in mayar da kai wurin masu fetur, ka faɗa musu haka."

Nan bakinsa ya buɗe. Ya ce bara ƙarfen ya fara tsagewa, Alhaji ya ƙi sayen sabo, shi ne ya samo ƙarafa biyu masu kauri ya huda, ya ɗaure su da noti shida, ya tallafe shi.

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Ƙafafun allon gwamnati ne, na jihar Kano, wanda aka tumɓuke da aka ba mu jiha. Koren fentinsu ma yana nan. Amma walda, wallahi ban yi ba. Wane bakanike ne zai yi wa sifirin walda? Ƙarfe ne mai taurin kai, wuta na taɓa shi sai ya yi gautsi."

Sufeto ya yarda da rabin maganar, ya kulle shi don kada a kashe shi.

Wanda ya yi waldar ba bakanike ba ne ke nan. A Gwaram kuwa mutum ɗaya ne ya sayi tukunyar walda bai san kanta ba, wato Ɗanbala maƙeri. Sufeto ya same shi a maƙera yana bugun fartanya.

"Ni garma da lauje na sani," in ji Ɗanbala, bai ko ɗago kai ba.

Sufeto ya sa ƙafa ya ture wani buhu a bayan zuga-zugi. Ga ragowar sifirin nan, yankansa sabo. Ya ajiye guntun da ya ciro daga motar kusa da shi, suka haɗe baki da baki.

"Wannan ma lauje ne?"

Gumi ya karyo wa Ɗanbala. "Alhaji ne ya kawo motar makon jiya, ya ce in liƙa mata ko mene ne. Na liƙa, na kwara masa ruwa ya yi ƙwari."

"Ruwa? Ka ɗauka fartanya ce? Ina ƙarafan da ke wurin?"

"Na rantse, ramukan kawai na tarar, babu ƙarafa."

Sufeto ya tasa shi gaba. Da suka isa caji ofis, jama'a sun cika harabar suna neman a miƙo musu Bernard. Alhaji Ishiyaku yana tsakiyarsu yana zuga, farar motarsa tana gindin dalbejiya.

Sufeto ya tuɓe hularsa ya miƙa wa kofur, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin farar motar. Can ya fito, bayansa duk ƙasa.

"Baba," ya ce wa mahaifin Sabo, wani dattijo da ke riƙe da gora, "durƙusa ka leƙa."

Dattijon ya leƙa. Ƙarafa biyu ne masu koren fenti, da noti shida, kawunansu da sabon sawun sifana.

"Alhaji, wa ya kwance su daga motar Sabo?"

"Sharri ne! Ka san da wa kake magana?"

"Na sani sarai. In fito da Bernard ya nuna aikinsa, ko in auna ramukan a gabanka?"

Alhaji ya dubi jama'a, babu idon da ya yi masa daɗi. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Tawa ce ta fara tsagewa. Na ce a mayar mini da su kafin in je Kano in sayo sabo. Sabo ya yi mini ƙorafi, na ce ya lallaɓa kasuwa ɗaya kawai."

"Ashe ka san ƙarfen da ke riƙe da rai," in ji Sufeto, "shi ya sa ka mayar da shi ƙarƙashin kujerarka."

Kofur ya buɗe wa Bernard ƙofa, ya fito yana tambayar maganar allo.

"Allon jihar Kano ne, ni kuwa ɗan sandan Jigawa ne. Tafi gida."

Aka danna wa Alhaji ankwa, aka haɗa shi da Ɗanbala. Taku ashirin ne tsakanin dalbejiyar da ɗakin tsarewa, kuma ta tsakiyar mutanen da ya tara da bakinsa aka bi da shi. Mahaifin Sabo bai ɗaga gorarsa ba. Ya dai tare hanya, ya dube shi ido cikin ido.

"Kasuwa ɗaya ka ce, Alhaji. To, bai ma kai kasuwar ba."